Shari'ar Eriya da Dish a Gidan Hajiya Tasalla

An ce wai a garin Rafin Kanya an yi wani alƙali, Haladu sunansa, wanda ya shekara talatin da ɗaya a kan kujerar shari'a, sannan ya ajiye aiki ya koma gida yana kiwon zabi. Shi ya bar kotu, amma masu ƙara ba su bar shi ba. Maƙwabta in sun saɓa a kan magudanar ruwa, ko 'yan'uwa a kan iyakar gona, sukan biyo ta zaurensa kafin su nufi hukuma. An san shi da abu biyu: ba ya yanke hukunci a ranar da ya ji ƙara, kuma ba ya leƙa ko ƙofar gida sai da rawani.

Yana da taubashiya mai suna Hajiya Tasalla, 'yar kawunsa, wadda ta girme shi da wata bakwai kuma ba ta taɓa bari ya manta ba. Tsohuwar ungozoma ce. Rabin magidantan unguwar ita ta yanke musu cibiya, don haka ko da ta daina aikin, mata ba su daina kawo mata damuwarsu ba. Sukan zauna a gabanta su faɗi abin da ke cin su, ita kuma ta saurara ta ba da shawara. Mijinta ya shekara takwas da rasuwa. 'Ya'yanta mata suna ɗakunan mazajensu, maza biyu kuwa suna cikin gidan tare da ita, kowa da sashensa da iyalinsa: Lurwanu, ɗan fari, mai shagon shadda a kasuwa, da Jazuli, auta, mai gyaran rediyo da talabijin a bakin tasha.

Hajiya mutuniyar zamanin da ce wajen kunyar ɗan fari. Shekara hamsin da biyu da haihuwar Lurwanu, ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ta kama dole sai ta ce "yayanku" ko "mai shago", kuma ba ta kallon fuskarsa. Shi ma a haka ya tashi. In ya zo gaisuwa sai ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Jazuli kuwa a kan tabarmarta yake zubewa, ya janyo kwanonta, ya sa ta a gaba da surutu har sai ta kore shi.

Wata Laraba da hantsi Alƙali yana watsa wa zabinsa dawa, sai ga Lurwanu ya yi sallama. Suka gaisa, suka shiga zaure.

Lurwanu ya ce, "Kawu, ba ƙara na kawo ba. Sallama na zo yi. Ranar Asabar zan kwashe iyalina in koma gidan da na gina a bayan filin Idi."

Alƙali ya ce, "Gidan da ka ce na haya ne?"

"Shi. Na fasa ba da shi."

"Tsohuwar ta sani?"

Lurwanu ya girgiza kai. Ya ce, "Sau uku ina faɗa mata. Na durƙusa na ce, Inna, ina ganin zan tashi in koma sabon gida. Na ɗauka za ta ce ina za ka, ko me aka yi maka. Kawu, ka san abin da ta ce? Ta ce, Madalla, Allah ya yi albarka. Na sake bayan mako guda, ta ce madalla. Na uku ma ko madallar ban samu ba, cewa ta yi a gaida mutanen kasuwa."

Alƙali ya gyara zama. Ya san Tasalla tun suna wasan ƙasa, bai kuma san ta da sakin nata ba. Ya ce, "Me ya kawo maganar tashi tun farko?"

Sai Lurwanu ya kwance labari. A bara ya sayo wa mahaifiyarsa babbar talabijin, ya sa aka kafa mata dish a kan rufi, mai kamo tashoshi sama da ɗari biyu daga tauraron ɗan'adam, har da masu nuna Makka da Madina kai tsaye. Ta sa albarka, ta kalla wata huɗu. Daga nan tashar jiha ta koma sabon tsarin watsa shirye-shirye na zamani, wanda ake kamawa da eriya ba sai da dish ba. Jazuli ya zo da wata eriya mai haƙora kamar matsefi, ya ɗaure ta a kan dogon ƙarfe a bayan ɗaki, ya jona ta a jikin talabijin ɗin. Tun daga ranar Hajiya ta ce a bar mata ta kan eriya. In Lurwanu ya mayar da ita kan dish, kafin ya dawo kasuwa an juya.

Ya ce, "Tashar jihar nan da take so, tana cikin dish ɗina. Ita ce dai, mai karanta labaran ma ita ce. Na tambaya ta bakin matata, Inna ta ce hoton Jazuli ya fi. Ni kuma na duba da idona, ban ga abin da ya fi ba. To Kawu, in da gaske hotonsa ya fi, a nuna mini in yi shiru. In kuwa bai fi ba, ba hoto ake zaɓa a gidan nan ba, mutum ake zaɓa. Gara in matsa tun da mutuncina."

Alƙali ya ce, "Ka ce ba ƙara ka kawo ba, ga shi ka shigar da ita har da hujja. Je ka. Ina tafe bayan la'asar."

Bayan la'asar ya naɗa rawaninsa ya tafi. Ya tarar da Hajiya a kan tabarma, talabijin a gabanta, Jazuli a gefenta yana ɓare mata gyaɗa, Lurwanu a durƙushe a bakin ƙofa.

Tana ganinsa ta ce, "A'a, alƙalin zabi! Yau wace kaza ce ta kai ƙara?"

Ya ce, "Wata tsohuwar kaza ce aka ce ta rikita gida. Ina yini, Yaya ta wata bakwai?"

"Lafiya lau, ƙanena. A ba yaro kujera, gwiwarsa ba ta kai tabarma."

Aka ba shi kujera. Ya ce kowa ya faɗi nasa, babba ya fara.

Lurwanu ya ce nasa a bayyane yake. Dish yana kawo duniya gaba ɗaya, eriya kuwa tasha tara take kamawa, uku daga ciki ba su da abin kallo. Ranar da aka yi iska mai ƙarfi ƙarfen ya juya, hoton ya daskare, ya farfashe gida-gida kamar zanen tabarma, sai da Jazuli ya hau ya gyara. Abin da iska ke juyawa ba abin dogaro ba ne.

Jazuli ya ce, "Yaya ya faɗi gaskiya, amma rabi. Ku tambaye shi ranar da hadari ya haɗu. Kafin ɗigon farko ya sauka dish ya ɗauke, sai rubutu a kan baƙin allo. Wannan ma ba shi ne zancen ba. Kawu, hasumiyar tashar jiha ga ta can kan dutse, mil goma sha huɗu daga nan. Hoton daga can yake tasowa ya faɗo kan eriya, ba ya biya wa kowa. Na dish kuwa sai an ɗauke shi an kai wani gari mai nisa, a haɗa shi da tashoshi ɗari biyu, a matse su duka don su shiga hanya ɗaya, a harba sama, sannan su sauko. Kamar motar haya ce. Mutum huɗu a kujerar baya da mutum tara a kujerar baya, duk za su isa gari, amma ba da guga ɗaya a rigarsu ba. Na yi aiki a wani otal a birni mai kawo tashoshi ta wayar kebul, can ma haka ne: yawan tasha, yawan matsi."

Lurwanu ya ce, kansa a ƙasa, "Ni dai ban ga yamutsar ba."

"Ba za ka gani ba in hoton yana tsaye. Sai abu ya motsa. Kuma kai daga bakin ƙofa kake kallo, Yaya. Daga can ko ni ban fi kowa muni ba."

Alƙali ya sa aka nuna masa duka biyun, ya matsa kusa ya duba. Ya ga maganar Jazuli tana da ƙamshin gaskiya. A kan eriya ana iya ƙidaya zaren hular mai magana. A kan dish hular tana nan da kyanta, amma in mutumin ya juya kai sai zanen ya ɗan cakuɗe kafin ya dawo. Bambanci ne na gaske, sai dai ƙarami ne, bai kai a ce tsohuwa mai shekara saba'in da uku ta ɓata ran ɗanta a kansa ba. Wannan ya tsaya masa a rai.

Ana cikin haka matar Jazuli ta zuba attaruhu a mai a tsakar gida, yajin ya shigo ɗaki. Alƙali ya yi tari, ya ja amawalin rawaninsa ya rufe baki da hanci. Ta bayan ƙyallen ya ce, "Ni abin da ya ba ni mamaki, tsohuwar da ba ta bambance akuya da tunkiya, ita ake wa faɗa a kan kyan hoto."

'Ya'yan suka yi murmushi suna jiran martani. Hajiya ba ta ce komai ba.

Alƙali ya dube ta. Shekara sittin da wani abu yana tsokanarta, ko sau ɗaya ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, har ranar da ake zaman makokin mijinta sai da ta rama. Ya ƙara ɗaga murya kaɗan, bakinsa a rufe da amawalin, ya ce, "Na ce wata bakwan ma ƙarya ce, ni na girme ki."

Hajiya ta dube shi ta ce, "Sannu. A kawo masa ruwa, yaji ya shaƙe yaro."

Sai ya sauke amawalin a hankali. Ya fuskance ta, ya rage murya ƙasa da ta ɗazu, ya ce, "Tuwonki ma bai taɓa daɗi ba."

Nan take ta ce, "Shi ya sa ka shekara arba'in kana lashe kwano."

Alƙali ya yi dariya tare da kowa. Sannan ya ce wa 'ya'yan, "Ku ba ni wuri. Zan gana da mai shaida."

Da suka fita ya jawo kujerarsa gabanta, inda hasken taga ke sauka a fuskarsa. Ya ce, "Tasalla, tun yaushe?"

Ta buɗe baki za ta yi wasa, ta ga ba fuskar wasa a gabanta. Ta ɗauki ɓawon gyaɗa tana murzawa. Can ta ce, "Shekara biyu. Na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama yana haɗa kaya. Ina jin ƙara, kalmomin ne ba sa rabuwa. In ina ganin bakin mutum sai in haɗa da ɗan abin da na ji, in gane. A cikin abin nan na auta, yarinyar da ke karanta labarai leɓenta tar yake, kamar tana zaune a nan. A ɗayan kuwa bakin yana narkewa, muryar kuma ba ta tafiya daidai da shi. Sai in yini ban san abin da duniya ke ciki ba."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ka manta yadda aka yi wa Innata? Mace mai hankali, ranar da aka ce ta kurumce aka fara yi mata ihu kamar ana korar awaki. Aka daina shawara da ita. A gabanta ake zancenta. Ni matan unguwar nan kunnena suke zuwa nema, Haladu. In aka ce babu shi, me ya rage? Ka yi mini alkawari ba za ka faɗa ba."

Alƙali ya shafa gemu. Sannan ya ce, "Na yi. Bakina ba zai faɗa ba. Amma akwai labarin da ba a karanta miki a talabijin ba. Mai shago zai tashi daga gidan nan ranar Asabar."

Ɓawon gyaɗar ya faɗi daga hannunta. Ta ce, "Wa ya ce?"

"Shi ya ce. Sau uku, a bakin ƙofar can, kansa a ƙasa. Kika ce madalla."

Hajiya ta dubi bakin ƙofar, wurin da tabarma ta ɗan lotsa saboda durƙuso. Ta ce, "Na ɗauka cinikin kasuwa yake faɗa mini. Kullum shi yake faɗa." Sannan ta juyo ta ce, "Ka hana shi. Kai kawunsa ne."

"In na hana shi zai zauna, amma da abin a ransa har ya mutu. In na ce hoton auta ya fi, ban faɗi dalili ba, zai ce na bi bayanki. In na ce bai fi ba, na yi ƙarya, kuma na tabbatar masa da zarginsa. Kin ɗaure ni ta ko'ina, Yaya. Gobe da ƙarfe goma sha biyu zan dawo."

Ya koma gida ya shafe safiyar washegari a cikin zabinsa yana juya maganar. Alkawari ya riga ya fita, ba ya dawowa. Gaskiya kuma ba ta da amfani in ba ta isa kunnen Lurwanu kafin Asabar ba. Da rana ta ɗaga ya tashi ya naɗa rawani.

Ranar Alhamis, saura minti biyar a fara labaran rana, kowa ya hallara a inda yake jiya. Alƙali ya karɓi rimot ya riƙe a hannunsa.

Ya ce, "Na saurari ɓangare biyu. Ƙarar da ke gabana ta hoto ce, ba ta murya ba. A kotu in ana sauraron shaida ɗaya, akan fitar da ɗayan waje don kada ya sa masa magana a baki. Saboda haka murya za ta fita." Ya danna, sautin ya ɗauke. Mai karanta labarai ta bayyana a kan eriya, bakinta yana motsi, ɗakin tsit. "Kowannenku ya ce ya san hoto. To hoton kirki shi ne wanda zai isar da saƙo shi kaɗai. Lurwanu, me take cewa?"

Lurwanu ya ɗago kaɗan ya duba. Ya ce, "Kawu, ai ba murya."

"Na sani, ni na kashe. Jazuli, kai ne masani. Me take cewa?"

Jazuli ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya ce, "Kamar ta ce barkanku da rana."

"Wannan ko zabina sun sani. Bayan nan fa?"

"Wallahi Kawu, sai dai in yi ƙarya."

Alƙali ya ce, "Ashe duk cikinku ba mai ganin hoton da kuke faɗa a kansa." Bai dubi Hajiya ba. Ya kafa ido a kan bango, ya ce da ƙarfi, yana fuskantar haske, "In akwai wanda zai iya a ɗakin nan, kotu tana saurare. In babu, sai in kunna murya mu tashi, kowa ya kama abin da ya shirya."

Mai labarai ta gama wani labari ta shiga wani. Babban yatsan Alƙali yana kan rimot bai danna ba.

Sai Hajiya ta gyara mayafinta. Idonta a kan talabijin, ta fara magana a hankali, tana bin bakin yarinyar: "Ta ce ranar Litinin za a fara rigakafin ƙyanda. Yara daga wata tara zuwa shekara biyar. Ta ce iyaye mata su je da katin asibiti, wanda ya ɓatar da nasa ma ya je."

Alƙali ya miƙa wa Jazuli rimot ya ce, "Mayar da ita kan dish, ka kunna murya. Maza." Hoton dish yakan makara da 'yan daƙiƙu saboda nisan tafiyarsa, don haka suka riski yarinyar tana ƙarasa jimlar: "...su je da katin asibiti, wanda ya ɓatar da nasa ma ya je."

Jazuli ya saki baki. Alƙali ya ce, "Kashe muryar, bar shi a nan. Hajiya, ci gaba."

Ta ƙanƙance ido, ta karkata kai. Ta ce, "Nan kam in ta rufe baki ina ganinta kyakkyawa, har ɗan kunnenta. Da ta motsa leɓe sai ya zama kamar an shafa shi da yatsa. Na kama kalmar taki, na kama kalmar damina. Sauran sun wuce ni." Ta sauke ido kan tabarma. "Kunnena ya tafi, shekara biyu ke nan. Da ido nake ji. Wanda ban ga bakinsa ba, ban ji shi ba. Shi ke nan, na faɗa, sai ku fara ihun."

Ba wanda ya yi ihu. Lurwanu yana durƙushe a inda yake, hannunsa ɗaya dafe da ƙyauren ƙofa.

Alƙali ya ce, "To ga hukunci. A kan tashar jiha, hoton eriya ya fi, domin daga kusa yake zuwa kuma ba a matse shi ba. Shaidar da ta fi ku ido ta tabbatar. Abin da ke nesa kuwa eriya ba ta isa ta kawo shi ba, kuma mai kallon ɗawafi ba ya bukatar karanta leɓen kowa. Kowanne ya zauna a inda aka kafa shi. Jazuli, ka ci shari'ar hoto, amma kada in ga haƙoranka. Kai ne mai gyaran rediyon garin nan, shekara biyu kana cin gyaɗa a gaban mahaifiyarka, ba ka lura lasifikar gidanku ta samu matsala ba."

Jazuli ya sunkuyar da kai, karo na farko da aka ga ya yi hakan a ɗakin.

"Kai kuma Lurwanu, laifinka ladabi ne. Ita kuma laifinta kunya. Dukansu abin yabo ne, an kafa su don su tsare girma tsakanin uwa da ɗa. Amma abin da aka kafa don tsaro, in ya koma yana tare hanya, akan matsar da shi. Na yi shekara talatin da ɗaya ban taɓa yanke wa mutum hukunci a kan maganar da ba ta isa kunnensa ba. Sanarwarka uku ba ta isa ba, don haka a wurina ba a yi ta ba. Tashi ka shigo."

Lurwanu ya tashi. Ya cire takalmi, ya tako kamar mai shiga gidan surukai.

"Kan tabarma. A'a, nan, inda haske yake. Ɗaga kanka. Ke kuma Yaya, ba bango za ki kalla ba. Kotu ta ɗage wannan kunyar daga yau."

Hajiya ta ce, "Suna dai ba zan faɗa ba."

"Ba wanda ya tambaye ki suna. Riƙe abinki. Ido muke so. Lurwanu, maimaita abin da ka faɗa sau uku."

Lurwanu ya ɗago. Ya ce, "Inna, cewa na yi zan tashi in koma sabon gida."

Ta bi bakinsa har ya rufe. Ta ce, "Ba inda za ka. Wa ya yi maka wani abu?"

"Ba kowa, Inna."

"To zauna."

Ba ta ɗauke idon ba. Ta dubi goshinsa, ta dubi kumatunsa, ta daɗe a kan haɓarsa. Sannan ta ce, "Yaushe gemun nan ya yi fari haka?"

"Ya kai shekara goma, Inna."

"Ba wanda ya faɗa mini." Ta tura masa farantin gyaɗar da ke gaban Jazuli. "Ci. Ka rame."

Alƙali ya tashi ya ce zabinsa suna jiransa, ya fita ba tare da an raka shi ba.

Ranar Asabar motar kwasar kaya ba ta zo ba. A mako na gaba 'yan'uwan biyu suka kai mahaifiyarsu wurin likitan kunne a birni, aka ba ta ɗan abin sawa mai ƙara ji. Matan unguwa suka ci gaba da zuwa, sai dai yanzu sukan zauna ta wajen taga. Masu ba da labarin sun ce tana sa abin kunnen kullum, ban da ranar da Alƙali ya zo, domin a cewarta ba a yi shi don jin shirme ba.

Daga wannan shari'a masu hankali suka ɗauki darasi: in ka aika magana ga wanda kake ƙauna amsa ta dawo da sanyi, kada ka yi saurin tuhumar zuciyarsa, fara duba hanyar da maganar ta bi. Sau da yawa ƙauna garau take tasowa, a hanya ne ake matse ta.